Baƙi da Baki: Darasin Wani Dandalin Waƙa a Akra

A hutun ƙarshen shekarar karatu da ta gabata Allah Ya nufe ni da zuwa ƙasar Gana, inda na halarci wani taron ƙara wa juna sani na ɗaliban kimiyyar harshe a Legon, unguwar da babbar jami'ar ƙasar take a gefen birnin Akra, birnin da tsofaffinmu ke kira Ankara. Kwana tara na yi, na saurari takardu masu yawa, na kuma cika littafi guda da rubutu. Amma da na dawo gida Bande aka tambaye ni abin da na gano, sai na tarar bakina ya fi saurin zuwa kan wani dare guda da na yi a dandalin waƙa a unguwar Nima. Labarin wannan dare nake so in bayar a nan, tare da ra'ayin da ya bar ni da shi game da yadda mu ɗaliban harshe muke sauraron Hausar da ba irin tamu ba.

Ga wanda bai san wurin ba, Nima ɗaya ce daga cikin unguwannin da ake kira zango a Gana, kuma kalmar tamu ce, wato masaukin ayari. Fataken Hausa sun daɗe suna bin hanyar Gwanja, su kai kanwa da tufafi da jemammiyar fata, su komo da goro. Kasuwar Salaga ce matattararsu, har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, mutanensa suka bazu zuwa Kumasi da Kete-Krachi da Akra. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934, a wannan ƙasa ya rubuta waƙoƙinsa na ajami da har yau ake nazari. Mazauna zango na yanzu jikokin al'ummu ne daban-daban, akwai Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da Dagombawa da Kotokoli da Fulani da Yarbawa. Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da masallaci, har ta zama harshen da yara da yawa ke buɗe baki da shi. Ko abincin titi shaida ne: koko da ƙosai da safe, da shinkafa da wake wadda duk faɗin ƙasar ake kira waace.

Wanda ya kai ni wani ɗalibi ne da muka haɗu a taron, haifaffen Nima, wanda kakansa ya fito daga ƙasar Dosso. Bayan sallar isha'i muka sayi tikiti a bakin ƙofa, muka shiga wata farfajiya da aka jera wa kujerun roba. Ƴan kallo ba su wuce ɗari biyu ba, maza da mata, tsofaffi da matasa. Mawaƙin mutum ne da ya ba arba'in baya, yana riƙe da jita, sai wani yaro mai kaɗa masa ƙwarya. Ba shi da ƴan amshi ko sanƙira, kuma babu wani ubangida da yake wasawa. Shi ke tsara waƙoƙinsa, shi ke ɗora musu kiɗa, shi ke rerawa, kuma kafin kowace waƙa sai ya tsaya ya faɗi dalilin yin ta. A Bande mun saba waƙa ta zo a bayan wani sha'ani, ko biki, ko suna, ko kokawa, ko naɗin sarauta. A nan kuwa waƙar ce sha'anin, mutane sun biya kuɗi sun zauna don su ji abin da ke ran mutum ɗaya. Duk da haka abin bai zama mini sabo sarai ba, domin Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, da Haruna Uji da gurminsa, sun riga sun nuna mana mutum ɗaya da abin kiɗa ɗaya yana iya riƙe taro.

Yana fara rerawa na zaro littafina, na buɗe sabon shafi, na rubuta “kurakurai” a samansa. Ya ce daya maimakon ɗaya, na rubuta. Ya ce karfi maimakon ƙarfi, na rubuta. Ya ce abu ya yi cau, a jara shi, inda mu za mu ce kyau da gyara. Da ya zo waƙar da ya yi wa mahaifiyarsa sai na ji yana cewa ya tashi, ya dafa, ya yi haƙuri, kamar da namiji yake, kuma matarsa ɗaya ya kira ta matana. Kafin a gama waƙa ta uku na tara misali fiye da talatin. Na taɓa abokina na nuna masa shafin ina murmushi. Ya duba, bai ce uffan ba, ya mayar da idonsa kan mawaƙin. A lokacin ko kaɗan bai faɗo mini a rai ba cewa Hausar da nake bi da jan alƙalami ita ce wadda mahaifiyarsa ta rene shi da ita.

Kafin waƙa ta biyar mawaƙin ya ɗora jitarsa a cinya ya ba da labarin kakansa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba da umurnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Gana cikin mako biyu. Dubban mutane suka fita, mafi yawansu ƴan Najeriya, akwai kuma ƴan Nijar da na sauran ƙasashen maƙwabta. Kakansa na cikin waɗanda suka hau kamyo zuwa wani ƙauye da rabonsa da shi tun yana yaro, kakarsa kuwa ta tsaya da ƴaƴa domin ita a nan aka haife ta. Daga nan ya shiga waƙar, wadda a kan kalma ɗaya ya gina ta. Abin da take cewa a taƙaice shi ne, ana kiran mutanen zango baƙi, to amma wanda ya ci abincin gari, ya yi kiran salla a cikinsa, ya raɗa wa ƴaƴansa suna a cikinsa, ya yi kukan mamatansa a cikinsa, da me ya yi duk wannan in ba da baki ba? Duk inda kalmar ta dawo a ƙarshen ɗango tana iya nufin mutanen da aka kora, tana iya nufin abin da suke magana da shi, kuma mawaƙin bai raba ba, don a furucinsa kalmomin biyu abu ɗaya ne: baki.

Tun a zagaye na farko wuri ya ɗauki sowa. Wata tsohuwa da ke gabana ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa ina zaune ina jiran ƙ ɗin da ba za ta zo ba, har na ƙara kalmar a jerin kurakuraina. Sai a zagaye na uku na gane inda aka dosa. A cikin mutum ɗari biyu, ni mai karatun digiri na biyu a kimiyyar harshe ni ne na ƙarshen fahimta.

Duk wanda ya yi darasin tsarin sauti ya san waɗannan kalmomi biyu. Baki na cin abinci da baƙi jam'in baƙo tsawon wasulansu ɗaya ne, karin sautinsu ɗaya ne, ƙasa sannan sama. Abin da ya raba su kawai shi ne ɗaya tana da k, ɗaya tana da tunkuɗau ƙ. Da irinsu ake tabbatar mana a aji cewa k da ƙ ƙwayoyin sauti biyu ne a Hausa. To a Hausar Nima ƙwaya ɗaya ce, saboda haka kalmomin sun zama tagwaye, kuma a kan wannan tagwaitakar da na lissafa cikin asara mawaƙin ya kafa waƙarsa. Mawaƙin Kano ko na Damagaram yana iya jera kalmomin biyu ya sami amsa-amo mai daɗi, amma ba zai iya narkar da su su zama ɗaya ba, domin kunnen masu sauraronsa zai raba su kamar yadda nawa ya raba.

Da aka tashi abokina ya kai ni muka gaisa da shi. Yana jin gaisuwata ya yi dariya ya ce lalle ni “bako” ne, ya tambayi garinmu. Na ce masa Bande, kan hanyar Damagaram zuwa Magarya. Sai ya sassauta murya ya ce, “Malam, ka yi hakuri da Hausanmu. Ku ne masu asali, namu na kasuwa ne.” Mutumin da ya gama sa tsohuwa kuka da kalma ɗaya shi ne yake ba ni haƙuri a kan harshensa, ni kuwa ga littafin kurakurai a aljihuna. Na ce masa, “Malam, ni ya kamata in nemi afuwa.” Bai gane abin da nake nufi ba, ni kuma kunya ba ta bar ni na bayyana masa ba. Abin da na tabbata shi ne, ba a haife shi da wannan ƙasƙantar da kai ba. A bakin irinmu ya koye ta, mu da ke zuwa daga arewa muna dariyar furucinsu.

A masaukina na sake duba jerin. Babu ƙ ko ɗaya da ta tsira, duk sun koma k, haka ɗ ta koma d, ɓ ta koma b. Duk inda muke da ky shi yana da c, duk inda muke da gy yana da j, kuma wannan ganɗantawar ce ta mayar da wake waace. A kunnena kuma bai yar da tsawon wasali ba: da ya ambaci ƙasar haihuwa gajeren wasali ya sa a gaɓar farko, da ya ce wani ya kasa abu sai ya ja ta, kuma bugun jitarsa yana sauka kan gaɓoɓi masu nauyi kamar yadda muka sani a waƙar Hausa. Kuskure abu ne da ke zuwa yau ya ɓace gobe, mai shi ma in ya ji ya gyara. Abin da ke shafina ba ya tsallake ko kalma ɗaya, kuma mutum ɗari biyu sun fahimce shi nan take. Sunan wannan a iliminmu ƙa'ida. Batun jinsi ma yana da dalili: harshen Akan da na Ga da na Dagombawa da Zabarmanci duk ba su raba shi da ita a wakilin suna, saboda haka da Hausa ta zama harshen da ya haɗa masu waɗannan harsuna sai ta ajiye wannan rabon.

Ra'ayina ke nan: ɗalibin harshe ba shi da hurumin kiran wani furuci kuskure matuƙar al'umma guda tana yin sa bisa ƙa'ida, ƴaƴanta kuma suna tashi da shi. Kowannenmu ya taɓa rubuta wa malami a jarrabawa cewa aikin kimiyyar harshe bayyana yadda ake magana ne, amma da yawa daga cikinmu a ɗakin jarrabawar muke barin wannan jumla. Ni ma a can na bar tawa, sai da aka tuna mini a Nima.

Tarihin Hausar da muke tinƙaho da ita ma bai goyi bayan jan alƙalamina ba. Tun a ƙarshen shekarun 1920 August Klingenheben ya nuna yadda baƙaƙen ƙarshen gaɓa suka raunana a Hausa, abin da ya sa muke da talaka amma talauci. Basakkwace da Ba'adare suna cewa amre da zamna da sabka, kuma su ne suka riƙe tsohon furuci. Aure da zauna da sauka da muke rubutawa yau sabon abu ne da ya auku a gabas, ya sami gindin zama domin a kan karin Kano aka gina Daidaitacciyar Hausa. Da wani ɗalibi mai jan alƙalami ya zauna a Kano a zamanin da wannan sauyi ke farawa, da ya cika shafinsa da kurakurai. Raunin jinsi ma ba sai an je Gana ba, a Zazzau da Bauci ana jin rigan Audu da motan sarki a bakin Hausawa haifaffu. Faransancin da muka yi karatu da shi kuwa jikan Latin ne da ya zubar da jinsi na uku da Latin ke da shi, kuma babu mai kiransa gurɓataccen Latin.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na san ɗacin wannan dariya. Shekarun baya na shiga wani shagon littattafai a Kano na ce a ba ni bik da kaye. Mai shagon ya kira maƙwabcinsa ya ce ya zo ya ji Hausar ƴan Faransa, suka yi ta nanata kalmomin suna ƙyalƙyala dariya, kafin ya miƙo mini abin da shi yake kira biro da littafin rubutu. Na fita raina a ɓace. Daga baya na gane bik daga sunan kamfanin Bic ya fito, biro kuma daga sunan László Bíró, ɗan ƙasar Hangari da ya ƙirƙiro irin wannan alƙalami, wato ni da mai shagon duk aro muka yi, hanyar da aron ya biyo ce kawai ta bambanta. Mu mutanen Bande da Magarya da Dungas Hausarmu ta fi kusa da ta Daura, naira tana yawo a kasuwanninmu tare da sefa, amma lekol da mushe da kamyo sun isa a ce da mu ba mu iya ba. Abin da aka yi mini a Kano shi na ɗauka na kai Nima.

Na san abin da wasu malamanmu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce in kowa ya rubuta yadda yake furtawa, littafin da aka buga a Zariya ba zai karantu a Tawa ba, kuma wahalar da aka sha a taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 wajen daidaita rubutun Hausa za ta tashi a banza. Za su ƙara da cewa ɓacewar ƙ da ɗ da ɓ asara ce ta gaske, domin kalmomi da yawa za su rikice. Na yarda da magana ta farko ɗari bisa ɗari, shi ya sa da Daidaitacciyar Hausa nake wannan rubutu, kuma in na zama malami ita zan koyar. Yaron Nima da ke son karanta Magana Jari Ce dole ya koyi inda ake sa ƙugiya, kamar yadda yaron Bande ke koyon cewa ba duk abin da yake faɗa a gida ake rubutawa ba. Sai dai ma'aunin rubutu ne, an yi shi don takarda da aji, kuma ba a auna darajar bakin mutum da shi. Magana ta biyu kuwa waƙar nan ta amsa ta. Kowane harshe yana da kalmomi masu furuci ɗaya, mahallin magana ke raba su, mawaƙa kuma su ci moriyarsu. Mu ma baƙin launi da baƙin rubutu furucinsu ɗaya ne, ba mu taɓa rikicewa ba.

Wannan batu ya wuce labarin tafiya, domin a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ko ba daɗe ko ba jima za a buƙaci masu rubuta littattafan makaranta, da masu fassara takardun hukuma, da masu horar da malamai, kuma daga cikin masu karanta wannan mujalla za a nemo su. A ajin da za mu shiga akwai ɗan Zabarmawa da ɗan Barebari waɗanda harsunansu na gida ba su raba namiji da mace a wakilin suna, akwai ɗan Buzaye da ɗan Fulani da ɗan Tubawa, kowa da irin Hausarsa. In muka tarye su da dariya irin wadda aka yi mini, za mu mayar da Hausa abin tsoro a gare su kamar yadda Faransanci ya zama ga iyayenmu a zamanin da ake hukunta yaro don ya yi harshen gida a farfajiyar lekol. Malamin da ya san dalilin da ya sa yaro ya ce mace ya zo zai iya koya masa ta zo ba tare da ya kunyata shi ba. Wanda bai sani ba kuwa zai ɗauka yaron daƙiƙi ne.

Akwai kuma darasin hanyar bincike, wanda shi ya sa nake ganin dandalin waƙa wurin aiki ne ga mai nazarin harshe. William Labov ya bayyana a 1972 matsalar da ke damun duk mai bincike: muna son mu ji yadda mutane ke magana in ba a sa musu ido ba, alhali ba mu da hanyar ji sai mun sa musu ido. Da na zaunar da abokina na ba shi jerin kalmomi ya karanta, da ya yi ƙoƙarin fito da ƙ don ya faranta mini, tunda ya yi karatu ya san ana sa ran jin ta. A dandali kuwa babu wanda ya damu da ni. Sowar da aka yi a zagaye na farko gwaji ce da ban isa in shirya irinta ba, domin ta nuna cewa a kunnen masu sauraro ma kalmomin biyu sun haɗe, ba a bakin mawaƙin kaɗai ba. Faifan situdiyo ba ya ɗauke da wannan shaida. Haka kuma ba ya ɗauke da hirar da mawaƙi ke yi tsakanin waƙa da waƙa, inda na ji yana surka Hausa da Ingilishi da harshen Akan, amma da ya koma rerawa sai ya tace, ya bar Hausa kusan zalla. Mawaƙin da ke rubuta waƙarsa da kansa ya zauna ya zaɓi kowace kalma, saboda haka abin da ya rera shi ne abin da yake ganin ya fi kyau a harshensa, kuma wannan hukunci na mai harshe ne da ba a samun sa a takardar tambayoyi.

Magabata sun share mana hanya. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata a 1975. Ɗalhatu Muhammad ya nuna cewa karin sauti ma yana yin amsa-amo a waƙar Hausa. Sa'idu Muhammad Gusau ya ba mu Jagoran Nazarin Waƙar Baka, Russell Schuh kuma ya shafe shekaru yana auna yadda nauyin gaɓa ke zama a kan kiɗa. A Yamai muna da cibiyar CELHTO tun 1968 domin tattara al'adun baka. Sai dai galibin wannan aiki a kan manyan makaɗa da rubutattun waƙoƙi aka yi shi, kuma ta fuskar adabi aka fi kallon sa. Mu masu nazarin karin harshe har yanzu mun fi sabawa da zaunar da tsoho a gindin bishiya muna tambayarsa sunayen sassan jiki.

Da na dawo gida da wannan kunne sai na ji abin da a da nake wucewa. Matasan mawaƙanmu na Damagaram da Magarya in suna hira Hausar gida suke yi, amma da yawansu in sun shiga situdiyo sai su sauya baki su koma Hausar finafinan Kano, domin a can kasuwa take. Ban ga laifinsu ba, kowa yana neman abinci. Amma sakamakon shi ne wanda zai nemi Hausar yankinmu a faifai nan da shekara hamsin zai sami kaɗan, in ban da irin kasakasan Ma'azu Ɗan Alalo da suka rage a hannun mutane. Inda take da rai shi ne bakin zabiya a gidan biki, da makaɗin kokawa bayan girbi, da waƙar daka wadda injin niƙa ke ta rage mata wuri. Duk waɗannan a gaban jama'a ake yin su, kuma babu mai ɗauka sai wayar wani da za ta lalace baɗi.

Saboda haka ina ba ƴan'uwana ɗalibai shawara, ina kuma roƙon malamanmu su duba. Duk wanda tafiya ta kai shi wata ƙasa, ko Kano ce, ko Kwatano, ko Akra, ko Yamai ga wanda ya fito ƙauye, ya nemi inda ake waƙa da Hausa ya je ya zauna, ya biya kuɗin shiga kamar kowa. Ya nemi izinin mawaƙi kafin ya ɗauki murya, ya kuma ba shi kwafi. Ya ɗauki hirar tsakanin waƙoƙi da martanin ƴan kallo, kada ya yanke su. In ya zo rubutawa ya rubuta abin da aka furta, da alamar karin sauti da tsawon wasali, sannan ya kawo daidaitaccen rubutu a gefe, kada ya gyara wa mawaƙi baki. Sashenmu kuma ya tanadi wurin ajiye waɗannan muryoyi, da suna da wuri da rana, yadda na baya za su same su. Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi mai yawa, wayar da ke aljihunmu ta isa a fara.

Shafin nan yana nan cikin littafina, ban yage shi ba, kalmar da ke samansa kawai na soke. Na aika wa abokina hotonsa ta WhatsApp tare da ba shi haƙurin da ban ba shi a daren ba, na kuma roƙe shi ya gaya wa mawaƙin cewa ɗan Banden nan ya ce waƙar baki ba ta yiwuwa da Hausarmu, sai da tasu. Bayan girbi akwai bikin ƙanwata a gida, kuma na riga na je na gaida zabiyar da za ta yi wasa, na nemi izininta. Ta ce in zo da na'urata, amma in zauna a baya kada in tare wa mata fili. Allah Ya kai mu.